Wanda zai je nutso shi kaɗai, ina zai samo abokin shiga ruwa?

Aminu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya ce ga manyanmu a wannan harka ta nutso cikin ruwa da silindar iska. Mutum yana da katin shaidar horo na matakin farko, nutso 25 ne kawai a littafinsa, yana son ya tafi wurin nutso na mako guda, kuma babu wanda zai raka shi. Ƙa'ida ita ce ba a shiga ruwa sai da aboki. Ya nema tun kafin ya tashi ne, ko ya bari sai ya isa? In kuma an haɗa shi da wanda bai taɓa gani ba, ta yaya zai gane ko abin dogaro ne?

Malam Bashir: Wa alaikumus salam, Aminu. Samun abokin shi ne mafi sauƙi a cikin maganar, amma ya danganta da irin wurin da aka nufa, don ba tsari ɗaya ake bi ko'ina ba.

A Bahar Maliya ta ɓangaren Masar, su Hurgada, Dahab da Marsa Alam, haka Koh Tao a Tailan, tsibiran Maldibis, Zanzibar da yawancin Indonesiya, jagora ne ke shiga ruwa da ƙaramin rukuni, galibi mutum huɗu zuwa shida. Wanda ya zo shi kaɗai, da safe a kan jirgi za a haɗa shi da wani mai irin matakinsa. Ba sai ya nemi kowa tun daga gida ba. Rabin mutanen da ke jirgin ma wataƙila haka suka zo.

Inda ake samun matsala shi ne wurin da aka gina a kan kowa ya zo da nasa. Tsibirin Bonaire shi ne babban misali: ka ɗauki motar haya, ka loda silinda, ka tsaya inda aka sa dutse mai launin rawaya a bakin hanya, ka shiga ruwa daga gaɓa. Babu jagora sai in ka ɗauka da kanka. Wasu jiragen Filorida ma jagoran a kan jirgi yake zama yana lura, ba ya shiga. Mai nutso 25 da zai tafi shi kaɗai, ban ga dalilin da zai fara da irin waɗannan ba.

Hajiya Rabi: Gaskiya ne, Malam. Ni dai abin da zan ƙara, kada a isa wuri a makance. A rubuta wa cibiyar nutson kafin a biya komai, a faɗi gaskiyar mataki, yawan nutso da watan da aka yi na ƙarshe. Sannan a tambaya: jagora yana shiga ruwa ko ba ya shiga? Mutum nawa ne a hannun jagora ɗaya? Ana raba rukuni bisa ƙwarewa ko kowa a haɗe? In iskar mutum ɗaya ta yi ƙasa, rukunin duka ke tashi, ko shi da abokinsa kawai? Akwai oksijin na agajin gaggawa a kan jirgi? Ina ɗakin matsin iska mafi kusa, wanda ake kai mai ciwon kumfar naitirojin?

Cibiyar da ta amsa waɗannan filla-filla, ta san aikinta. Wadda ta ce "kada ka damu, ka zo kawai", a nemi wata.

Usman: Ni a ganina jirgin kwana ya fi komai ga wanda yake shi kaɗai, irin wanda ake zama a cikinsa mako guda ana nutso sau uku ko huɗu a rana. Mutanen su ne dai daga farko har ƙarshe. Ranar farko ana yin nutson gwaji a wuri mara zurfi, jagorori su ga yadda kowa yake a ruwa, su gyara haɗin. Kafin kwana na biyu ya ƙare ka san wanda numfashinku ya zo ɗaya, wanda saurinku ya zo ɗaya. A jirgin yini kuwa kullum sabuwar fuska, kullum sai an fara daga tushe.

Malam Bashir: Haka ne Usman, amma a duba hanyar da jirgin zai bi. Waɗanda ke zuwa tsibiran Brothers da Daedalus a tsakiyar Bahar Maliya yawanci suna neman katin mataki na biyu da nutso 50, saboda ƙarfin ruwa da zurfi. Wanda Aminu ya kwatanta, katinsa mita 18 ya ba shi. Ya zaɓi hanyar murjani mai sauƙi, ko ya yi kwas na mataki na biyu a nan wurin. Wannan ma wata hanya ce da ba a cika ambata ba: wanda ya shiga kwas, kwana biyu yana tare da malami, nutso biyar, ya fito da izinin mita 30, kuma ya saba da mutanen cibiyar.

Aminu: Na gode ƙwarai. To an haɗa mu a kan jirgi, saura minti talatin a shiga. Me ake tambaya ba tare da ya zama kamar ana yi wa mutum tambayoyin kotu ba?

Zainab: Ka fara da naka, ɗan'uwa. In ka ce "nutsona 25, na ƙarshe wata uku da suka wuce, iskata takan yi saurin ƙarewa", ka buɗe masa ƙofa ya faɗi nasa ba tare da kunya ba. Kuma kada kati ya ruɗe ka. Mai babban kati da ya shekara huɗu bai jiƙa ba, ya fi mai ƙaramin kati da ya yi nutso goma a watan jiya haɗari. Tambayar da ta fi amfani ita ce yaushe rabonka da ruwa, kuma a wane irin ruwa. Wanda duk nutsonsa a tafki mai sanyi ne, ya iya duhu da kaya masu nauyi, amma wataƙila bai taɓa haɗuwa da ruwan da ke ja ba. Wanda ya saba da ruwan ɗumi mai haske kuwa, in gani ya ragu zuwa mita 3 sai hankalinsa ya tashi.

Sai tambaya ta biyu: me ka zo yi a wannan nutson? Ba ƙaramar tambaya ba ce. Mai ɗaukar hoton ƙananan halittu zai iya kafewa minti goma a kan dutse ɗaya, idonsa a kyamara, bai san ko kana nan ba. Mai son yawo kuma yana ta tafiya. In aka haɗa waɗannan biyun, cikin minti biyar sun rabu. Ba wanda ya yi laifi, haɗin ne bai yi ba, kuma tun a kan jirgi ake gane shi.

A tambaya kuma ko akwai abin da ya kamata ka sani na lafiya: kunne mai jinkirin daidaituwa, asma, ciwon sukari. Mai kunne mai jinkiri yana bukatar a sauka da shi a hankali fuska da fuska, don mafi yawan rabuwa a lokacin sauka take faruwa. Ɗaya ya nutse kamar dutse, ɗaya ya maƙale a mita 4 yana fama da kunne.

Garba: Ku yi haƙuri, ni duk wannan ban yarda ya isa ba. Hirar minti goma ba ta nuna maka yadda mutum zai yi in ruwa ya shiga gilashin fuskarsa a mita 25. Wanda ya firgita ba ya tuna alamar da kuka yi a sama, abin da ke bakinka zai fizge. Shawarata ga mai ƙarancin nutso, ya ɗauki jagora na kansa aƙalla kwana biyun farko. Tsada ce, amma ka san wanda ke gefenka an horar da shi ceto, kuma ya san wurin kamar tafin hannunsa.

Hajiya Rabi: Jagora na kai abu ne mai kyau, Garba, ban musa ba. Inda nake jin tsoro shi ne jagoran rukuni, wanda mutane ke ɗauka shi ne abokinsu. Sai ka ji an ce "ai ina bin jagora". Jagora yana gaba, yana neman hanya, yana lura da mutum shida. In iskarka ta yanke yana nesa da kai mita 15 ya ba ka baya, ba za ka kai gare shi ba. Ko ana cikin rukuni, dole kowa ya san da sunan wa aka haɗa shi. In jagora ya ce "mu duka abokan juna ne", ka ɗaga hannu ka ce a ba ka mutum ɗaya takamaimai.

Haɗin mutum uku ma sai da lura. Kowane ɗaya yana zaton ɗayan ne ke kallon na ukun. In dole ne, a jera kafaɗa da kafaɗa, mai ƙarancin ƙwarewa a tsakiya, kuma in ɗaya zai tashi, duka ukun su tashi.

Malam Bashir: Bari in shigo da lissafin iska, don a nan ne baƙi biyu suka fi saɓawa, kuma abu ne da ake iya warwarewa da alƙalami.

Silindar alminiyam da aka fi bayarwa haya lita 11 ce, ana cika ta bar 200 (bar ma'aunin matsin iska ne), wato lita 2,200 na iska. A cire bar 50 na ajiya, saura lita 1,650. A mita 20 matsi ya ninka uku, don haka shan iska ma ya ninka uku. Wanda ke shan lita 20 a minti a sama, a can lita 60 yake sha, iskarsa ta minti 27 ce. Wanda ke shan lita 12, lita 36 yake sha, yana da minti 45. Kun ga tazarar minti 18. In ba a yi maganar ba tun a sama, mai saurin shan iska zai ji nauyin katse wa baƙo nutso, ya ɓoye abin da gejinsa mai auna iskar silinda ke nunawa, ya ci ajiyarsa. Kunya kan sa mutum ya yi abin da bai kamata ba a ƙarƙashin ruwa fiye da jahilci.

Maganinsa: mai saurin sha ya nemi silinda mai lita 15, yawancin cibiyoyi suna da ita in an faɗa da wuri. Kuma a yarda tun farko cewa mai ƙarancin iska shi ke yanke lokacin juyawa, ba gardama.

Wanda bai san yawan shansa ba, ga yadda ake aunawa. Ka tsaya a mita 10 kana tafiya yadda ka saba na minti 10, ka duba bar nawa suka tafi. A ce 30. Ka ninka da girman silinda, 30 sau 11, lita 330. Ka raba da minti 10, 33. Ka raba da 2 saboda matsin mita 10, ya ba ka 16.5. Wannan lambar ka rubuta ta a littafinka, ita za ka faɗa wa sabon aboki.

Usman: Malam, amma ai bar 50 ɗin da ake cewa a fito da shi, don irin wannan aka ajiye shi. Ko bai isa ba?

Malam Bashir: Ya isa a kan jirgi, wato ka hau tsani da 50. Bai isa a ƙasa ba. Ajiyarka ba taka kaɗai ba ce, ta mutum biyu ce masu bugun zuciya. A ɗauka kowannenku yana shan lita 30 a minti saboda tashin hankali, jimla 60. A mita 30, minti ɗaya na miƙa masa abin shaƙa da daidaita kai, lita 240. Tashi zuwa mita 5 a kan mita 9 a minti, kusan minti 3, wajen lita 495. Tsayawar minti 3 a mita 5, lita 270. Fitowa sama, 75. Jimla lita 1,080, wato kusan bar 100 a silindar lita 11. A mita 18 lissafin yana ba da wajen bar 65. Ma'ana, in kana mita 30 allurarka ta kai 100, lokacin barin wannan zurfin ya yi, ko da abokinka yana da 150.

Garba: Tsayawar mita 5 ai ba wajibi ba ce in ba a wuce iyakar lokacin zama a zurfi ba. In iska ta yanke ana iya tsallake ta.

Malam Bashir: Ana iya. Cire 270 ɗin, saura lita 810, bar 74 ke nan. Har yanzu ya haura 50. Kuma da baƙo kake, ba ka san yadda yake numfashi in ya tsorata ba, ƙila ya wuce 30 ɗin da muka ɗauka. Gara a bar lissafin da faɗinsa.

Zainab: Tunda ana maganar lamba, a kula da ma'auni. Mutanen Amurka da yawancin yankin Karibiyan da ƙafa wajen zurfi da psi wajen matsin iska suke aiki, sauran duniya da mita da bar. Cikakkiyar silinda psi 3,000 ce, kusan bar 207. Aboki ɗan Amurka psi 500 ne ajiyar da aka koya masa, wanda bai wuce bar 35 ba. In ya ɗaga maka yatsu biyar, kai ka fahimci bar 50, shi yana nufin psi 500. In ya ce "mu tsaya a sittin", ƙafa 60 yake nufi, mita 18. Hanya mafi sauƙi, ku kalli gejin juna a sama, kowa ya nuna da yatsa inda rabin silinda yake da inda za a juya. A ƙasa in an yi shakka, a juyo da gejin a nuna masa fuskarsa kawai.

Alamun hannu ma a bi su ɗaya bayan ɗaya, minti biyu ne. Lafiya lau: da'ira da babban yatsa da manuni. Babban yatsa sama: mu tashi, ba "na ji daɗi" ba, sababbi suna yawan yin wannan kuskuren. Akwai matsala: tafin hannu a shimfiɗe ana karkaɗa shi, sannan a nuna wurin. Rabin silinda: hannu biyu a yi siffar T. Iska ta yi ƙasa: dunƙulen hannu a ƙirji. Iska ta ƙare: a ja hannu a maƙogwaro. Waɗannan kusan ɗaya suke a ƙungiyoyin horar da masu nutso, PADI, SSI, CMAS da BSAC. Inda ake bambanta shi ne ƙirga lambobi, wani da hannu ɗaya yake yi, wani da biyu.

Hajiya Rabi: Sai duba kaya. Wasu suna jin nauyin taɓa kayan baƙo, su tsallake, alhali da baƙo ne dubawar ta fi zama dole. Tsarin da ake koyarwa biyar ne: rigar iska, dalmar ƙara nauyi, maɗaurai, iska, sai kallon ƙarshe.

Rigar iska: ka danna maɓallin hurawa da na saki a rigarsa da hannunka, ka san inda igiyoyin saki suke, don riguna sun bambanta. Dalma: ɗamara ce ko aljihun da ake zarewa? In aljihu ne, wasu ja kawai ake yi, wasu sai an matse maƙalli tukuna. Ranar da za ka zubar masa da dalma a saman ruwa yana nutsewa, ba ranar koyo ba ce. Maɗaurai: mai faranti a baya yana da ɗamarar da ta bi tsakanin ƙafafu, in ba ka san da ita ba ba za ka iya cire masa kayan ba. Ka girgiza silindarsa ka tabbata ba za ta zame ba, don maɗaurin da aka ɗaure a bushe yana saki in ya jiƙa. Iska: a buɗe bawul har ƙarshe, ya ja numfashi uku ko huɗu masu ƙarfi yana kallon allura. In ta yi rawa ko ta faɗi, bawul a rufe yake ko rabi aka buɗe. Rabin buɗewa mugun abu ne, yana ba da iska lafiya a sama, ya shaƙe a mita 20.

Tambayar da ba a so a manta: in iskata ta ƙare, wanne za ka ba ni? Yawanci akwai abin shaƙa na biyu mai tiyo rawaya a maƙale tsakanin haɓa da ƙasan haƙarƙari. Amma masu dogon tiyo na mita 2 na bakinsu suke miƙawa, su ɗauki wanda ke rataye a wuyansu. Wanda abin shaƙarsa na biyu ke haɗe da tiyon hura riga, shi ma na bakinsa zai bayar. Ka shaƙi wanda za a ba ka sau biyu a sama, ka ja shi ka ga yana fita daga maƙallinsa da sauƙi.

Aminu: In shi yana shaƙar naitiroks, iskar da aka ƙara wa oksijin, ni kuma iska ce zalla fa? Ana iya haɗa mu?

Usman: Ana iya, sai dai kowa ya ɗauki iyakar ɗan'uwansa. Shi zurfi ne ya ɗaure shi: mai oksijin kashi 32 kada ya wuce mita 33, mai kashi 36 kada ya wuce 28. Kai lokaci ne ya ɗaure ka: a teburin PADI minti 56 ne a mita 18, minti 20 a mita 30, a nutson farko ke nan, na biyu ya fi gajarta. Ko gas ɗinku ɗaya ne ma, kwamfutocin nutso masu lissafa lokacin da ya rage a zurfi ba lissafi ɗaya suke ba. Wasu na kamfanin Suunto sun yi suna wajen tsauri a nutso na biyu da na uku, wasu kuma mai su ne ke saita musu tsaurin. Wadda ta fara cewa a tashi, ita ake bi. Kuma ba a raba kwamfuta ɗaya tsakanin mutum biyu, ko da sun manne da juna.

Garba: Duk wannan shi ya sa nake cewa wanda zai riƙa tafiya shi kaɗai ya yi kwas na dogaro da kai. Ƙungiyar horo ta SDI na da na nutson kaɗaici, PADI na da nata. Ana koyon ɗaukar ƙaramar silinda ta daban da abin shaƙarta, gilashin fuska na biyu, wuƙa biyu, da lissafin iska irin wanda Malam ya yi. Daga nan ko wa aka haɗa ka da shi, ba rayuwarka ce a hannunsa ba.

Zainab: Kwas ne mai kyau, Yaya Garba, amma sharaɗinsa nutso 100 ne, mai tambaya 25 gare shi. Kuma katin ba ya tilasta wa cibiya ta bar ka ka shiga kai kaɗai, da yawa ba sa yarda. Abin da mai nutso 25 zai iya yi yanzu shi ne ya ɗauki ɗabi'un: ya duba gejinsa kowane minti biyar ba sai an tambaye shi ba, ya iya cire gilashin fuska ya mayar ba tare da ya tashi sama ba, ya iya harba balan-balan na alama daga mita 5. In ya wata shida ko fiye bai shiga ruwa ba, ya yi darasin tuni a rana ta farko. Shi ma fa baƙo ne a wurin ɗayan, ɗayan ma yana tambayar kansa ko wannan abin dogaro ne.

Malam Bashir: Maganar tazara da ɓacewa, a tsayar da ita a sama. Ma'aunin tazara: ka fitar da numfashi, ka ja, babu komai. Nisan da za ka iya yi a wannan halin shi ne iyakarka, kuma bai wuce mita 2 zuwa 3 ba ga yawancin mutane. Ruwa mai haske yana yaudara, kana ganinsa a mita 20 sai ka ɗauka yana kusa. A tafi gefe da gefe, kowa ya zaɓi ɓangarensa ya zauna a nan. Wanda ke bayanka kuma sama da kai, ba ka ganinsa sai ka juya gaba ɗaya.

In an rabu: a tsaya, a juya a hankali ana duban sama don ganin kumfa, a buga silinda da ƙarfe. Minti ɗaya, ba ƙari. Sai a tashi a hankali yadda aka saba, a hura riga a sama, a jira. Dole ku biyun ku yarda da wannan, in ba haka ba ɗaya yana sama hankali a tashe ana shirin nema, ɗaya yana ƙasa ya bi wani rukuni. A wuraren da ruwa ke ja da ƙarfi, kamar Kozumel a Meziko, Komodo a Indonesiya, ko mashigan Maldibis, jagora kan ba da tsarin wurin a bayanin kafin shiga, shi ake bi, kuma kowa ya riƙe balan-balan nasa da zare da usur, ba a dogara da na aboki ba.

Hajiya Rabi: Akwai abin da ya shafi mai tafiya shi kaɗai fiye da kowa: in jirgi ya tashi ba shi, babu wanda zai ce ina wane. A 1998 wani jirgi ya bar mata da miji 'yan Amurka a babban murjanin Ostireliya, sai bayan kwana biyu aka gane, kuma ba a same su ba. Bayan haka aka tsaurara ƙirgen mutane a jihar Queensland ta Ostireliya. Don haka ka tabbata sunanka na kan takardar jirgi, ana kiran suna ko sa hannu bayan kowane nutso, ba ƙirga kawuna daga nesa ba. Ka gaya wa abokinka sunanka sosai, ku yi alkawarin kowa zai nemi fuskar ɗan'uwansa kafin a ɗaga anga. Ka bar wa cibiya lambar wanda za a kira da lambar inshorar nutsonka, ta ƙungiyar agajin masu nutso DAN ko wata, don inshorar tafiya ta yau da kullum sau da yawa ba ta ɗaukar ɗakin matsi.

Ga 'yan uwa mata masu neman abokin nutso ta rukunonin Facebook kafin tafiya: hanya ce mai amfani, musamman ga wuri irin Bonaire, amma haɗuwar farko a cibiyar nutso ta kasance, nutson farko kuma daga jirgi tare da jagora. Ba a shiga mota da wanda aka sani a intanet kawai zuwa gaɓar da ba kowa. A jirgin kwana ana haɗa ɗaki mace da mace, a sa a rubuta hakan a takardar yin rajista.

Usman: Kuma a san irin abokin da ake gudu tun a sama. Wanda ya ce ba sai an duba kaya ba. Wanda ke fahariya da zurfin da ya taɓa kaiwa. Wanda warin giyar daren jiya ke tashi a jikinsa. A Dahab akwai ramin da ake kira Blue Hole, mai wata ƙofa a wajen mita 55 da ta ci rayukan mutane da dama masu silinda ɗaya. Iyakar nutson nishaɗi mita 40 ce, mayen naitirojin kuma yana fara taɓa mutane tun wajen mita 30. Duk baƙon da ya ce "mu ɗan leƙa ƙasa kaɗan", amsa a'a ce. In ya tafi, kada ka bi shi ka wuce iyakarka. Ka tsaya a zurfin da aka yarda, ka buga silinda, ka sanar da jagora.

Aminu: In an yi nutso ɗaya na ga bai yi mini ba, ya ake canzawa ba tare da an ɓata ba?

Hajiya Rabi: Ka keɓe jagora a lokacin hutu tsakanin nutso biyu, ka faɗi abin da ya faru ba tare da zagi ba: ya yi nisa sau uku, bai amsa alamar iska ba, ya wuce zurfin da aka ce. Jagorori sun saba, sukan sake haɗa rukunin duka don kada a gane daga ina maganar ta fito. In ƙaramin abu ne, ka fara gaya wa shi kansa, wani bai san yana yi ba. In kuma aka ce babu canji, kana da damar zama a jirgi. Kowane mai nutso yana iya fasa kowane nutso ba tare da ya ba da dalili ba, wannan ƙa'ida ce da aka yarda da ita ko'ina.

Ka kuma gaya wa wanda kuka dace da shi ranar tafiyarka tun da wuri. Bayan kwanaki ana nutso ana bukatar aƙalla awa 18 kafin hawa jirgin sama, da yawa suna cika ta 24. Ranarka ta ƙarshe a bushe za ka yi ta, shi kuma yana bukatar a nemo masa wani.

Aminu: Allah Ya saka da alheri. Saura ɗaya: in ba ma jin yaren juna ko kaɗan?

Zainab: Amin. Ka sayi ƙaramin allon roba na rubutu a ruwa, mai fensir a ɗaure. Kafin shiga ka rubuta lambobi huɗu da zane: kibiya ƙasa da iyakar zurfi, agogo da iyakar minti, geji da bar ɗin juyawa, sai mutum biyu a rabe da "1" da kibiya sama. Ka nuna masa, ya gyaɗa kai ko ya gyara lambar da fensirin. Duba kaya ba ya bukatar magana, ka fara da naka, ka kama hannunsa ka ɗora a kan aljihun dalmarka ka nuna yadda ake zarewa, shi ma zai nuna maka nasa. In akwai abin da ya shige duhu, kamar maganar lafiya ko wane abin shaƙa zai miƙa, ka kira jagora ya tsaya a tsakaninku kafin ku sa takalman ninƙaya.